Na Sa Sunan Manemin Ƙanwata a Google, Abin da Na Gani Ya Hana Ni Barci

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Shawara nake nema, kuma don Allah a sakaya sunana. Wani ne ya fito neman auren ƙanwata. Ya ce shekarunsa 31, injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Abuja, iyayensa kuma suna wani gari a Jihar Katsina. Baba ya ba shi izinin zuwa zance, ya ce bayan Sallah ya turo magabatansa, kafin nan Kawu zai yi bincike. To ni da karambanina sai na rubuta sunansa da na mahaifinsa a Google. Abin da ya fara fitowa labarin wani ne mai irin sunan sak, an gurfanar da shi a kotu shekara huɗu da suka wuce, wai ya karɓi kuɗin mutane da sunan zai sayar musu da filaye. Jaridu kusan biyar ne suka ɗauki labarin, amma babu hoto. Da na koma Facebook sai na tarar masu sunan sun fi talatin. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa a Abuja yake, hoton mota ya sa a maimakon fuskarsa, a ciki kuma akwai hotunan yara biyu. Shi kuwa ce mana ya yi bai taɓa aure ba. Anti, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki hoton labarin a wayata, saura ƙiris in tura zauren WhatsApp na gidanmu. Yarinyar nan tana son sa sosai. In faɗa wa Baba ne, ko in ja bakina in yi shiru?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kafin komai, hoton nan ya yi zamansa a wayarki, kada ya shiga zauren gida. Zauren dangi ba ya riƙe magana. Ki tura da azahar, kafin la'asar matar wani yayanku ta tura wa ƙanwarta, kafin isha'i ya isa garinsu yaron. In daga baya ta bayyana cewa ba shi ba ne, babu mai bin wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, kuma za a daɗe ana ce masa "wannan da aka ce ya ci kuɗin filaye".

Binciken da kika yi ba laifi ba ne, ban kuma ɗauke shi karambani ba. Yaya ce ke, aure kuwa ba abin wasa ba ne. Amma ki dubi abin da ke hannunki da idon basira. Ba ki da hoto, ba ki da sunan unguwa, ba ki da shekaru, ba ki da komai sai suna biyu da suka zo ɗaya. Na cire sunan daga wasiƙarki kamar yadda muka saba, sai dai zan gaya wa masu karatu cewa irin sunan nan ne da in malami ya kira shi a aji, yara uku ke miƙewa tare.

Bari in nuna miki yadda abin yake a manyan mutane ma, waɗanda kowa ya sani. Daga 2015 zuwa 2019 gwamnan Bauchi Mohammed Abdullahi Abubakar ne. A daidai wannan lokacin gwamnan Jigawa, jihar da ke maƙwabtaka da Bauchi, Muhammad Badaru Abubakar ne. Kafin su, daga 2012 zuwa 2014, Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya Mohammed D. Abubakar ne. Mutum uku ke nan, kowa da garinsu da gidansu, amma in kika cire sunan tsakiya duk suna ɗaya suke amsawa. Waɗannan fa waɗanda jaridu ke bugawa kullum ne. Ki ƙiyasta yawan masu wannan suna a kasuwar Kwari, da tashoshin mota, da ma'aikatun gwamnati, da gidajen yari.

Dalilin a fili yake. Mu ba mu da sunan zuri'a da ake gada kaka da kakanni irin na Turawa ko na Yarabawa. Sunan yanka ne da sunan uba, kuma dukansu daga rumbu ɗaya ake ɗebo su: Muhammad, Abubakar, Umar, Usman, Aliyu, Ibrahim, Musa, Abdullahi, Yusuf. Gida ɗaya sai a samu Muhammad huɗu, shi ya sa muke da Auwal da Sani da Salisu da Rabi'u, don a bambance na fari da na biyu da na uku da na huɗu. Su makarantun boko na da sun ga wannan matsalar tun tuni, suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, abin da ya ba mu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari ke nan. Google kuwa bai san ɗan wane ba, bai san jikan wane ba. Haruffa kika ba shi, haruffa ya nemo miki, kuma abin da ya fi tashe shi yake ɗorawa a sama. Labarin kotu ya fi labarin mutumin kirki tashe, domin babu jaridar da ke buga cewa wane ya tashi lafiya, ya je aiki, ya dawo gida.

Abin yana da wata fuskar kuma, wadda ba a cika lura da ita ba. Kamar yadda mutum talatin ke amsa suna ɗaya, haka mutum ɗaya ke amsa suna biyar. Abubakar a takardar makaranta, Garba ko Habu a unguwa, Sadik a wurin abokai, Abba a cikin gida saboda sunan kakansa ya ci ana masa alkunya. Usman ya zama Shehu, Umar ya zama Faruk ko Sanda, Ibrahim ya zama Iro ko Khalil. Ga kuma rubutu: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mohd, in an ƙetara Maraɗi ko Damagaram ya koma Mahamadou ko Mahamane. Saboda haka yana yiwuwa duk mutum talatin ɗin da kika gani a Facebook babu manemin ƙanwarki a ciki, shi yana can da wani laƙabi da ba ki taɓa ji ba.

Malaman hadisi sun sha fama da wannan tun fiye da shekara dubu. Sukan tarar da masu ruwaya da sunansu da sunan ubansu duk ɗaya, wani amintacce, wani kuma ba a karɓar maganarsa. Har fanni guda suka ware wa abin, Alkhaɗib Albagdadi ya yi littafi sukutum a kansa, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne na mutum shida da kowannensu ake kira Khalil bin Ahmad. Ba su taɓa yanke hukunci da suna kaɗai ba. Sai sun tambaya: a wane gari ya zauna, wa ya koyar da shi, su wa suka ɗauka daga gare shi, yaushe ya rasu? Aikin da ke gabanki ke nan, ba wani abu daban ba.

Ki koma kan labarin kotun, ki karanta shi a natse, wannan karon ba da bugun zuciya ba. Irin waɗannan labarai kusan salo ɗaya ake rubuta su. Layin farko yakan kawo shekarun wanda ake tuhuma da sana'arsa, wani lokaci har da unguwar da yake zaune. Sai sunan kotun, da abin da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya faɗa, da watan da aka ce an aikata laifin, da ko an ba da beli, da ranar da aka ɗage shari'ar. Ki ɗauki biro ki rubuta waɗannan a gefe ɗaya na takarda, a ɗaya gefen ki rubuta abin da kuka sani game da yaron. Idan labarin ya ce ɗan shekara 46 ne, an gama magana, domin naku a lokacin yana da 27. Idan ya ce dillalin filaye ne mazaunin wani gari da naku bai taɓa zama ba, nan ma kin samu sauƙi. Idan kuwa shekaru sun yi kusa, gari ya zo ɗaya, sana'a ta yi kama, to har yanzu ba ki kama ɓarawo ba, amma kin samu dalilin ci gaba da tambaya.

Kada yawan jaridun ya ruɗe ki. Yawancin ƙananan labaran kotu wakili ɗaya ne ke rubuta su, sau da yawa na Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, NAN, sauran su kwafa su canja kanu. Ki gwada biyu ki gani, za ki tarar jimlolin iri ɗaya ne. Jarida biyar a nan shaida ɗaya ce, ba biyar ba.

Sannan ki lura da kalmar da aka yi amfani da ita. Gurfanarwa daban, yanke hukunci daban. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Kuma jaridunmu suna da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: ranar da aka kai mutum kotu suna nan, ranar da aka sallame shi ba kowa. Sai labarin farko ya zauna a intanet shekara da shekaru, ƙarshensa kuwa babu wanda ya rubuta. In har abin ya kai ga haka, sunan kotun yana cikin labarin, lauya zai iya zuwa rajistarar kotun ya nemi sanin yadda shari'ar ta ƙare da kuma cikakken bayanin wanda aka tuhuma. Wannan aikin Kawu ne, ba naki ba.

Shi kansa Google akwai yadda ake matse shi ya rage surutu. In kika sa cikakken sunan a tsakanin alamar zance, wato baka biyun nan na sama, zai kawo miki inda sunayen suka zo a jere kawai. Ki ƙara masa kalma ɗaya da ta shafi mutumin: sunan garinsu, ko jami'ar da ya ce ya yi, ko kamfanin da yake aiki. In wani sananne mai irin sunan ya cika miki shafi, ki sa alamar ɗebewa a manne da wata kalma da ta shafe shi, kamar sunan jiharsa, sai a tsame shi. Ki sake gwadawa da kowane irin rubutu na sunan. Amma abin da zai fi yi miki amfani shi ne suna na uku, kuma ina kyautata zaton yana cikin wayar ƙanwarki. Saurayin da ke zuwa zance da wuya a ce bai taɓa tura mata ko kuɗin kati ba. Saƙon banki yakan nuna sunan mai turowa kamar yadda yake a asusunsa, sau da yawa suna uku cif, kuma wannan sunan yana ɗaure da BVN, ba irin na Facebook ba ne da mutum ke raɗa wa kansa da tsakar dare. Ko lambar asusunsa kaɗai kika samu, in kika shigar da ita a manhajar banki kamar za ki tura kuɗi, sunan zai fito kafin ki tura ko kwabo.

Batun mai hoton mota da yara biyu, wannan ma bai kai a rasa barci a kansa ba. Ki tambayi ƙanwarki wanne ne shafinsa, cikin hira, ba cikin tuhuma ba. Mai yiwuwa ta nuna miki wani daban, shi ke nan. In kuma shi ne, yara biyu a shafin namiji ba shaidar aure ba ce; samari nawa ne suka cika shafukansu da 'ya'yan yayyensu? Abin dubawa shi ne maganganun da ke ƙarƙashin hoton. Mutanenmu ba sa iya ɓoye dangantaka a wurin sharhi. Za ki ga "Allah Ya raya mana, Baban wance", ko "ka gaishe da madam", ko kuma "kawu da 'ya'yansa". Ki gangara can ƙasa zuwa tsofaffin hotuna, na shekara biyar ko bakwai baya, lokacin da mutum bai san wata rana za a bincike shi ba. A nan ake ganin hoton ɗaurin aure in an yi, da 'yan ajinsu, da unguwar da ya taso. Shafin da aka buɗe wata uku da suka wuce, abokansa duk 'yan mata, babu ɗan'uwa ko ɗaya da ke masa magana, shi ne abin tsoro, ko da babu hoton yaro ko ɗaya a ciki.

In kuna da hotonsa na gaske, ki sa shi a Google Lens ki ga ko ya fito a wani wuri da wani suna. Yana taimakawa wajen kama masu satar hoton mutane, amma in bai kawo komai ba, bai ce komai ba ke nan. Truecaller kuma, manhajar nan mai nuna sunan mai lambar waya, kada ki karɓe shi da hannu biyu-biyu: sunan da yake nunawa yawanci daga wayoyin mutane yake tattaro shi, yadda wani ya ga dama ya ajiye lambar. In makanikensa ya ajiye shi da "Oga Injiniya", haka za ki gani. In wani mai jin haushinsa ya rubuta "Ɗan damfara", haka za ki gani. Layin ma yana iya zama an taɓa amfani da shi a hannun wani kafin kamfani ya sake sayar da shi.

Su kuma manhajojin nan masu ba da amsa irin su ChatGPT, don Allah kada ki tambaye su "wane ne wane". Aikinsu harhaɗa magana mai daɗin karantawa ne, suna iya ɗauko makarantar wannan, da aikin wancan, da shari'ar na uku, su ɗinke miki su a matsayin mutum ɗaya, da ƙarfin gwiwa kamar sun san shi tun yana goye. Kuma kada ki ga kamar mu kaɗai abin ke ruɗawa. A 2004 Sanata Ted Kennedy na Amurka, mutumin da kusan kowa a ƙasar ya san fuskarsa, ya shaida wa majalisa cewa an sha tare shi a filin jirgi saboda sunansa ya yi kama da wani da ke cikin jerin waɗanda jami'an tsaro ke sa wa ido. Gwamnatin Amurka ke nan da duk na'urorinta. Kama da wane ba wane ba ne.

Maganar aikinsa ta fi sauƙin tantancewa, domin a nan akwai rajista. Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista tana da wurin bincike kyauta a shafinta, in kika rubuta sunan kamfanin za ki ga ko yana da rajista, da lambarsa. Amma wannan yana nuna kamfanin yana nan ne kawai, bai nuna shi ma'aikacinsu ba ne. Injiniyoyi kuma COREN ce ke yi musu rajista, kamar yadda MDCN ke yi wa likitoci. In ya ce yana da rajista, yana da lamba, kuma ba abin kunya ba ne a tambaye shi. In ba shi da ita, kada ki ce ya yi ƙarya, matasa da yawa sun gama karatun injiniya suna aiki a ƙarƙashin wasu kafin su kai ga yin rajistar. Hanya mafi gajarta ita ce a samu wani ɗan'uwa a Abuja ya taka har ofishin da rana tsaka, ya ce yana neman wane. Mai gadi kaɗai ya isa ya ba da amsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma ba ki tambaye ni shi ba. A ce gobe kin tabbatar mai shari'ar filaye ɗan shekara hamsin ne, mai hoton mota kuma wani ne can daban. Za ki yi ajiyar zuciya ki ce alhamdu lillahi, yaro mutumin kirki ne. To a nan ne za ki yi kuskuren da ya fi na farko. Rashin ganin sunan mutum a intanet ba shaidar kirki ba ce. Mai dukan mata ba ya fitowa a Google. Mai shaye-shaye a ɓoye ba ya fitowa. Wanda ya saki mata biyu a ƙauye, aurensu da sakinsu duk da baki aka yi a zaure, babu takarda balle jarida. Wanda ba ya sallah, wanda ba ya ga maciji da mahaifiyarsa, wanda bashi ya yi masa katutu, duk shafukansu fes suke, har da ayoyi da hotunan Ka'aba. Yawancin abin da ke kashe aure a ƙasar nan ba a rubuce yake a ko'ina ba, yana bakin maƙwabta ne.

Shi ya sa nake ganin binciken Kawu shi ne na gaske, naki ɗan rakiya ne. Sai dai binciken iyaye ma ya fara lalacewa. Da yawa yanzu waya ɗaya ake bugawa ga wanda shi manemin ya ba da lambarsa, a ce "ya halin yaron nan?", a ce "ai ba shi da matsala", shi ke nan a sa rana. Wanda yaro ya zaɓa da kansa me kike so ya ce? Ana rawaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambayi mai yabon ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Waɗannan mutum ukun su Kawu zai nema. Ya je garin da ƙafarsa, ya yi sallah a masallacin unguwar, ya gaisa da liman da mai unguwa, ya zauna wurin mai shayi ko mai kanti na bakin layi. Kuma kada a tsaya a garin iyaye kaɗai. Yaron da ya bar gida shekara takwas, mutanen garinsu yaron da suka sani suke yabo, ba magidancin da ke Abuja ba. Dole a binciki inda yake kwana yanzu: mai gidan haya, maƙwabcin ɗaki, abokan aiki. Ku mata kuma kuna da taku hanyar da maza ba su da ita. Wata gwaggo ta shiga gidan da sunan gaisuwa, ta ga yadda matan yayyensa ke zaune, ta ji yadda ake maganarsa a tsakar gida. In yana da mata ko ya taɓa yi, a ranar za a ji.

Waɗanda za a tambaya kuma ba su da uzurin rufa-rufa. A cikin Sahihu Muslim, Faɗimatu bintu Ƙais ta gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Ya gaya mata gaskiyar kowannensu, ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya kuma ba ta shawarar Usama bin Zaid. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa faɗin aibin manemi ga mai neman shawara ba giba ba ce. Amma ki lura, abin da aka sani aka faɗa, ga wadda abin ya shafa. Suratul Hujurat kuma ita ce ta ce in labari ya zo a yi bincike kada a cutar da mutane cikin jahilci, ita ce kuma ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Tsakanin waɗannan biyun za ki bi.

Saboda haka akwai inda zan ce ki tsaya. Kada ki buɗe shafin bogi da hoton wata ki je kina gwada shi da hira. Kada ki ɗauki wayar ƙanwarki a ɓoye kina karanta saƙonninsu. Kada ki biya wani a shagon kwamfuta ya ciro miki bayanan NIN ɗinsa. Ba halal ba ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana a riƙa wasa da bayanan mutum haka kawai ba da izininsa ba. Mafi muni shi ne abin da ya zama yayi yanzu, a ɗora hoton mutum a zauren mata dubu a ce "wa ta san wannan?" Wadda ya ƙi aura za ta amsa, wadda ta ɗauke shi wani ne za ta amsa, wadda ba ta da aikin yi ma za ta amsa. In ƙarya ta fita ta hannunki, ɓata suna ne, yana da damar kai ki kotu, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta sa mutane da dama sun kwana a hannun 'yan sanda a kan abin da suka ɗauka hira ce kawai.

To, ki faɗa ko ki yi shiru? Ba ko ɗaya a yadda kika tsara su. Ki fara yin tankaɗe da rairayar da na faɗa, aikin yini ɗaya ne. In shekaru ko gari suka raba su, ki goge hoton, kada ki gaya wa kowa, har ita ƙanwar, domin ko kin ce "ashe ba shi ba ne", kin riga kin dasa mata wani abu a rai. In kuwa abubuwa biyu ko uku suka dace, Kawu za ki samu, ke da shi, ba Baba ba tukuna. Uba in ya ji kalmar kotu a kan mai neman 'yarsa, da wuya ya tsaya jin sauran bayanin, kuma in ya ce a'a, janyewa na yi masa nauyi. Ki ce wa Kawu: "Na ga wani labari mai irin sunan yaron nan, ban tabbatar shi ba ne, ga sunan kotun ga shekarar, don Allah a haɗa da shi cikin bincike." Ki miƙa masa sunan nan uku na banki, da sunan kamfanin, da unguwar da yake zaune a Abuja in kin samu.

Kuma babu abin da ya hana Kawu ya kira yaron ya tambaye shi ido da ido: ka taɓa aure, kana da 'ya'ya, an taɓa kai ka kotu, ina ka zauna a shekara kaza? Mai irin wannan suna, in ba shi ba ne, wataƙila dariya zai yi, don ba mamaki wani ya riga ku nuna masa labarin. In kuma shi ne, to a saurari yadda zai faɗa. Wanda ya ce e, an yi, ga yadda ta ƙare, ga takardar kotu, daban yake da wanda ya rantse bai san zancen ba sannan rajistarar kotu ta ƙaryata shi. Na farkon Baba da Kawu za su auna, su yi istihara, ita ma yarinyar a gaya mata komai ta zaɓa da idonta a buɗe. Na biyun kuwa ba sai an kai ga maganar filaye ba, ƙaryar da ya yi wa waliyyai ta isa a ce ya dakata da turo magabatan.

Allah Ya zaɓa mata mafi alheri. Ki gaishe da Baba da Kawu.